Zumunta a ƙafa take: tarihin riƙon yara da mafakar mata a ƙasarmu

  Yau tarihi za mu taɓa, tarihin tambayoyi biyu da babu gidan da bai taɓa cin karo da su ba. In yaro ya rasa uwa ko uba, wa ke ɗaukar shi? In macce ta sha duka a ɗakin aurenta, ina take nufa? Ku gyara zama, zancen na da ɗan tsawo.

Yadda riƙo yake tun asali

Kakanninmu ba su san gidan marayu ba, don ba su bukace shi ba. Abin da sunka sani shi ne riƙo, kuma riƙo iri-iri ne. Akwai na ɗan fari, wanda uwa ke jin kunyar ko kiran sunanshi, sai a yaye shi a ba kaka ko gwaggo. Akwai na macce da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta ya ɗauko ɗiya ya ba ta don kar ɗakinta ya zauna shiru, ita ta yi mata tarbiyya, ita ta yi mata kayan ɗaki ranar aure. Akwai na maraya, wanda ƙanen uba ko wan uba ke haɗawa da nashi ɗiyan. Akwai kuma agola, mai bin uwarshi gidan sabon miji. Wanda ke son ganin yadda abin yake a da, ya nemi labarin Baba ta Karo, wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau da anka buga tarihin rayuwarta a 1954. Ita ba ta haihu ba, amma ta riƙi ɗiyan dangi har ta aurar.

Addini ya zo ya ƙara wa al'adar ƙarfi, ya kuma yi mata iyaka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, maraya ya tashi. Halimatu ta shayar da shi, kakanshi Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, bayan rasuwar kakan Abu Ɗalibi ya karɓa. Sannan labarin Zaidu ɗan Harisa da hukuncin da ya sauka cikin Suratul Ahzabi sun tsai da magana ɗaya: ka riƙi yaro, ka ciyar da shi, ka so shi, amma sunan ubanshi na nan, danginshi na nan, dukiyar da anka bar mashi amana ce a hannunka har ya mallaki hankalinshi.

To, mi ya sa wanga tsari ya yi aiki shekara da shekaru? Ba don mutanen da sun fi mu tausayi ba ne, a cikinsu ma akwai mugaye. Dalilin shi ne yaron riƙo bai ɓacewa daga idon danginshi. Gidan gwaggo na bayan masallaci, ko ƙauyen da ake zuwa da jaki kafin azahar. Ranar kasuwa uwa za ta leƙa, ranar suna kawu zai ga ko yaron ya rame, ko akwai shatar bulala a bayanshi. Mariƙiya ta san ana kallonta. In ta ci amana, ba a bukatar takarda, zuwa ake yi a ɗauke yaron, kunyar kuma ta bi ta har kabari. Da Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ga abin da yake nufi: sawun da ke zuwa yana dawowa shi ne katangar maraya.

Yaji, biko da ƙofar sarki

Haka abin yake ta wajen mata. Macce da miji ya ƙuntata wa tana da hanya sananniya, ita ce yaji. Ta ɗauki ɗan ƙunshinta ta koma gidansu, ba wanda zai ce ta yi abin kunya. Miji kuwa sai ya yi biko: ya turo manya, ya zo ya durƙusa gaban surukai, a ji ta bakin kowa, a ja mashi kunne. In abin ya faskara a tafi wajen mai gari, daga nan fadar sarki ko gaban alƙali, inda za a iya raba auren. Tsarin na da nashi aibi, don sau da yawa kalmar farko da ta ƙarshe da macce ke ji ita ce "yi haƙuri". Amma dai akwai ƙofar da take buɗe, kuma miji ya san matarshi na da masu ita.

Mu tuna kuma cewa maganar haƙƙin mata ba baƙuwa ba ce a nan. A Maratta, kusa da Galmi, anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma cikin littafinshi Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci. Ɗiyarshi Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa Ƴan Taru: dattijan mata da ake kira jaji, masu jagorantar matan ƙauyuka zuwa wajen karatu, su kuma komo da abin da sunka koya. Ku lura, nan ma ƙafa ce ta yi aiki.

Abin da ya tsinka igiyar

Yunwa ce ta fara. Tsofaffi sun ji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga nasu tsofaffin. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984, shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta, abin da ya sa wasu ke kiran yunwar da sunan Buhari. Mu kanmu mun ga 2005. Kowace yunwa na watsa dangi. Wanda zai riƙi maraya shi ma yana neman mai riƙon nashi ɗiyan.

Sai bida ta zama sana'ar Adar. Da an gama girbi maza su kama hanya, wani wata shida, wani shekara shida. Lokacin da anka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da tallafin FAO da PAM, mafi yawan masu ɗaukar duwatsu da haƙar ramukan itace mata ne, don mazan ba su nan. Wagga magana abin alfahari ce ga matanmu, amma tana nuna wani abu: baffan da zai je ganin maraya yana Abijan, wan da zai tsaya wa ƙanwarshi ranar biko yana Sabha. Macce ta yi yaji ta tarar da tsohuwa ita kaɗai da rumbun da babu komi, kwana biyu a ce mata ta koma.

A nan ne kalmar riƙo ta fara ɗaukar kayan da ba nata ba. Wata hajiya ta zo daga birni ta ce a ba ta yarinya ta sa ta lakwal. Ba gwaggo ba ce, ba inna ba ce, wata ce da ta san wani da ya san uban. Yarinya ta tafi Ƙonni, Maraɗi, Yamai ko Sakkwato, lakwal ta zama wanke-wanke da talla. Babu mai kuɗin motar zuwa dubawa. Sunan dai riƙo, amma ƙafar da ke tsaron shi ta yanke.

Wahaya da shari'ar 2008

Mafi munin abin da ke faruwa ga yarinyar da babu mai bin sawunta, ƙasarmu ta gan shi, duniya ma ta ji. A 1996 anka sayar da Hadijatu Mani tana da shekara 12, a kan jika 240, ga wani mutum mai shekara 46 a yankin Ƙonni. Ta zama wahaya, wadda ake ce wa mata ta biyar: ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba ranar girki, sai aikin gida da na gona da duka. Wahaya ba ta da yaji, don ba ta da gidan da za ta koma.

A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 mutumin ya ba Hadijatu takardar ƴanci, amma ya ce ai matarshi ce, ba inda za ta. Da ta fita ta auri wanda take so, ita anka yanke wa wata shida a kan ta yi aure bisa aure, har ta kwana gidan kaso. Ƙungiyar Timidria, wadda anka kafa a 1991, ita da lauyoyi sunka kai maganar kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2014 kuma, a Ƙonni, anka yanke wa wani mutum shekara 4 saboda ajiye wahaya, karo na farko ke nan.

Kar mu ce wanga labarin nesa ne. Binciken da Timidria da ƙungiyar Anti-Slavery International sunka fitar a 2012 ya ambaci inda abin ya fi yawa: Ƙonni, Illela, da Madawa zuwa Buza. Sunan garuruwanmu ne. Kuma abin da ya fid da Hadijatu shi ne an samu mutanen da sunka taka har inda take, sunka ji ta bakinta, sunka riƙa komowa.

Gwamnati da ƙungiyoyi

Ta wajen doka an yi tafiya. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara a 1990. A 1999 anka kafa alƙalan yara, dokar 2014 ta sake tsara aikinsu, kuma suna da ikon ɗauke yaron da ke cikin haɗari su damƙa shi ga wani gida ko wata cibiya. A watan Disamba 2017 anka sa hannu kan dokar kare yarinya mai karatu. Ƙungiyar SOS, wadda ta faro a Ostiriya a 1949 da tsarin uwa ɗaya da ƴan yara cikin gida ɗaya, ta buɗe ƙauyenta na Yamai a 1993, daga baya ta buɗe na Tawa da na Doso. Akwai ƙungiyar mata masana shari'a, akwai SOS FEVVF mai taimakon mata da yaran da ake cuta a cikin gida.

Sai dai kundin dokar iyali, wanda ake ta magana a kai tun shekaru da dama, har yau bai tabbata ba. Aure, saki da riƙon ɗiya, ga yawancinmu, al'ada da addini ke hukunta su, sarakuna kuma doka ta ba su ikon sasantawa. Sannan ga nisa. Macce da anka fasa wa baki da dare a wani ƙauyen Urno ko Karofan, kafin ta ga jandarma ko ma'aikacin kare yara sai ta nemi kuɗin kabu-kabu, ta nemi wanda zai tsare mata yara, ta kuma shirya jin abin da gari zai ce. Doka na birni, ciwo na ƙauye.

Darasi daga Yahudawan Turai

Yanzu bari mu ƙetare teku. Wani zai ce mi ya kawo Yahudawa cikin zancen Adar? Ba siyasar yau ta kawo su ba. Al'umma ce da ta taɓa wayar gari dangi sun watse gaba ɗaya, ba kaka, ba gwaggo, ba kawu, dole ta nemi abin da zai tsaya a madadinsu. Yadda ta yi, akwai abin koyi a ciki.

A 1912 wasu likitoci Yahudawa sunka kafa wata ƙungiya a birnin San Fitasbag na Rasha don kula da lafiyar talakawansu, musamman yara. Ta koma Balin a 1923, sannan Faris a 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki. A Faransa ana kiranta OSE, ma'ana aikin ceton yara. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, anka shiga kama iyaye ana kai su sansanonin kisa, sai ta buɗe gidajen yara. Ba a jima ba ta gane cewa tara yara wuri ɗaya haɗari ne, don dare ɗaya za a kwashe su. Haka kuwa ya faru a ƙauyen Iziye ranar 6 ga Afrilu 1944, inda anka kama yara 44 a gida ɗaya, ba wanda ya dawo cikinsu.

Tun kafin nan, wani injiniya mai suna Georges Garel ya tsara wata hanya: a rarraba yaran gidajen manoma da makarantun Kirista, da sunayen aro. Riƙo ke nan, irin wanda munka sani. Amma sun ɗora mashi abu biyu. Na farko, an ɓoye rajista mai ɗauke da sunan gaskiya na kowane yaro da inda anka kai shi, don ko mai ajiyar ya mutu kar yaron ya ɓace. Na biyu, akwai ƴan mata ma'aikata da ke yawo bisa keke da jirgin ƙasa, gida-gida, suna kai kuɗin abinci, suna ganin yaron da idonsu, suna jin ko ana cutar shi. Wasunsu an kama su, sun rasa ransu a wanga aiki. Yara fiye da 5,000 ƙungiyar ta tsirar. A 1945 ta karɓi yara 426 da anka fiddo daga sansanin Bukenwal, cikinsu har da Elie Wiesel, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel. Har gobe OSE na aiki a Faransa, tana ba iyalai riƙon yaran da alƙali ya damƙa mata, ko wane ne addininsu.

Muhimmancin rajista ya fito fili a shari'ar wasu yara biyu, wa da ƙane, ƴan gidan Finaly. An kashe iyayensu, wata mata a birnin Garnobul ta ɓoye su ta cece su. Bayan yaƙi gwaggonninsu sunka zo karɓa, ta hana, har ta sa anka yi musu wankan shiga Kiristanci. Sai 1953, bayan shekaru ana shari'a, anka mai da su ga danginsu. Kun ga, ko mai alheri na iya mance cewa amana anka ba shi, ba kyauta ba.

Ta wajen mata ma sun sha irin namu. Suna da kalmar da ke nufin zaman lafiyar gida, wadda sau da yawa anka yi amfani da ita wajen rufe bakin macce, kamar yadda ake yi da "haƙuri" a nan. A Ingila, sai da wasu matansu sunka tashi sunka buɗe layin waya na sirri, sannan cikin shekarun 1990 sunka kafa ƙungiyar Jewish Women's Aid da gidan fakewa inda macce za ta samu abinci da ibada daidai da addininta. Sun gane cewa macce ta fi saurin buɗe cikinta ga wadda ta san al'adarta.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da kuɗin Faris ko na Landan, kuma ba shi ne darasin ba. Littafi da ƙafa, su ne darasin, kuma duka biyun ba su fi ƙarfinmu ba.

Duk yaron da zai bar gari da sunan riƙo, ko karatun allo, ko lakwal, a rubuta wajen mai gari ko liman: sunanshi, sunan uwa da uba, wa ya ɗauke shi, wane gari, wace unguwa, wace lambar waya. A yi mashi takardar haihuwa da sunan ubanshi kafin ya tafi, don in an makara sai an bi ta kotu. A sa wani cikin dangi da sunanshi, ba "dangi" a dunƙule ba, wanda zai je ya gan shi aƙalla sallah da sallah, ya kuma keɓe da shi su yi magana ba a gaban mariƙiya ba. Ku ƴan bida, kuɗin motar wagga ziyara na cikin abin da za ku iya aikowa. Kiran bidiyo na taimako, amma waya ba ta ɗaga riga ta ga baya.

Ga mata kuma, muna da abin da anka haifa a ƙasarmu: Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta faro a jahar Maraɗi a 1991, har wasu ƙasashe sunka kwaikwaya. Matan da ke haɗuwa kowane mako suna zuba kuɗi, sun fi kowa sanin wadda ta zo da kumburin ido. Kowane asusu na iya ware ƴan dala na gaggawa, na kai macce likita ko gidansu, ya kuma zaɓi dattijuwa biyu masu riƙon asiri. Sarakunanmu da limamanmu, Allah ya ja zamaninku, muna roƙo: ranar biko a ji ta bakin macce ita kaɗai kafin a ce ta koma, a kuma sa ranar da za a aiko a duba ta. Tsakanin harshe da haƙori a kan saɓa, gaskiya ne, amma in jini ya fita, ko an karya ƙashi, ko yarinya ƙarama ce anka taɓa, maganar ta wuce zaure, ta likita ce da jandarma da alƙali.

Kowanenmu ya san wani yaro da anka ba riƙo. Mu tambayi kanmu yaushe rabon wani nashi ya gan shi ido da ido. In amsar ta wuce shekara, to ga aikin wanga mako.

Allah ya jiƙan iyayen da sunka riga mu, ya raya marayunmu, ya saka wa duk mai riƙon amana da alheri. Ku tura wa ƴan'uwa, musamman na bida. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.